Ranar da Dabbabin Ƙanƙara Ya Durƙusa

Tun da muka dawo daga Jojiya ba a bar ni na sha iska ba. In na shiga kasuwar Zahir sayen tumatir a tare ni, in na je barkan haihuwa a Misfala a manta da mai jego a zagaye ni. Tambayar ɗaya ce: "Ummu Faisal, da gaske kin hau abin nan na kan ƙanƙara?" Masu kunya su tsaya nan. Marasa kunya su ƙara da, "Kuma ya ɗauke ki?" To, bakina ya gaji. Ga shi na rubuta, kowa ta karanta ta bar ni in yi cefanena.

Sai na fara da dalilin wannan tambaya ta biyu. Ni mace ce mai jiki, haka Allah ya yi ni, haihuwa kuma ta ƙara min. Maigidana Abu Faisal kuwa siriri ne, gyaran dabbab yake yi a warsharsa da ke Ka'akiyya, wato baburan nan masu ƙafa huɗu da ake hawa a rairayi. Shekarun baya mun fita kashta, wato yawon shan iska, da dangi bakin teku wajen Shu'aiba, an shimfiɗa darduma, an ɗora shayi, sai tsautsayi ya sa na hau ɗaya. Ban yi nisa ba ƙafafun baya suka nutse a yashi. Yaya Rabi, yayar maigidana, ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa. Ni ma na yi dariyar, don ba yadda zan yi, amma abin ya ci min rai ƙwarai. Daga ranar ban sake hawa komai ba. Duk kashta ni ce mai gadin dalla, wato butar shayi, da kofuna, kowa ya tafi ya dawo yana haki, ni in zuba masa shayi.

Shi ya sa da Abu Faisal ya ce zai kai ni in ga dusar ƙanƙara da idona, na ƙudurta a raina cewa wannan karon ba zan tsaya a ƙasa ba. Na ga hotunan abin da ake hawa a can, na ce ko me za a yi sai na hau shi har kan dutse. Ban faɗa wa kowa ba. Yaya Rabi ta zo sallama, ta rungume ni ta ce, "Ki taka a hankali, ya Ummu Faisal, kar ki fasa wa mutane ƙanƙararsu."

Kun san mu mutanen Makka, mu ake zuwar wa. Tun ina ƙarama nake ganin alhazai suna jan jakunkuna sun fi ƙarfinsu, suna riƙe da rigar juna don kar su ɓata, mu kuma muna ce musu Allah ya kyauta. Ashe jira ake mu fita. A filin jirgin Jidda aka ɗora baƙar jakar Abu Faisal a sikeli, mai awon ya ɗaga kai ya dube mu.

Na ce, "Esh hada? Me ka zuba a ciki?"

Ya ce, "Kayan sanyi ne, ya shekha, bar shi."

Ya ja jakar gefe, ya juya min baya, ya riƙa zaro safa da riguna yana cusa min a tawa, amma bai yarda na leƙa ƙasan jakar ba. Ga mu nan durƙushe a tsakiyar filin jirgi, kaya baje, mutane na kewaye mu. Wata hajiya da ke komawa gida daga Umara ta wuce ta dube ni da tausayi, irin kallon da na saba yi musu.

A Tibilisi ma'aikaciyar shige da fice ta dubi koren fasfona, ta dube ni, ta sake duban fasfon. Ta tambayi garin da aka haife ni, na ce Makka. Ta buga hatimi ta miƙo. Muna fita ƙofa sanyi ya mare ni. Ni dai abin da na sani da sunan sanyi shi ne watan da muke kashe na'urar sanyaya ɗaki mu buɗe taga. Wannan kuwa har cikin haƙorana na ji shi, abayata ta koma kamar ban sa komai ba.

Wanda ya zo ɗaukarmu sunansa Lebani, ƙaton mutum mai jan gemu. Shi da mahaifiyarsa ke da masaukin da muka kama a wani ƙauye kan dutse, shi kuma ke ba da hayar dabbabin ƙanƙara. Ya tsinci Larabci a bakin masu yawon buɗe ido, bai wuce yalla, shuwayya da mafi mushkila ba, wato mu je, a hankali da ba matsala, amma da su yake kashe kowace magana. Hanyar ta yi kama da ta hawan Ɗa'if, sai dai babu birai. Shanu ne masu gashi a tsaye tsakiyar titi, da karnuka ƙosassu masu alamar roba a kunne. Duk cocin da muka wuce sai Lebani ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu, kuma cocin nan yawanci a kan kwana suke. Abu Faisal ya riƙe ƙofa yana karanta addu'ar tafiya ba ƙaƙƙautawa. Haka muka hau, shi yana nasa muna namu, muka isa lafiya.

Mahaifiyar Lebani, Eteri, tsohuwa ce sanye da baƙaƙen kaya. A ƙofa ake cire takalmi kamar a gidajenmu, wannan ya kwantar min da hankali. Ta kama hannuna ta ga lalle, ta goga da yatsa, ta ga bai fita ba, ta sake gogawa da ƙarfi. Sai ta kawo tulun giyar inabi da suka haɗa da kansu, wai da shi ake tarbar baƙo. Muka dafa ƙirji muka ba ta haƙuri. Ranta bai so ba, na gani a fuskarta, kuma na gane, don ni ma in baƙo ya ƙi gahawata ba na jin daɗi. Ta tafi ta dawo da shayi da zuma, muka sha har kofi ya ƙare ta ƙara, aka shirya.

Da lokacin salla ya yi na shimfiɗa sallaya, sai na tsaya cak. Ban san ina zan fuskanta ba. A gidanmu ko yaro ya san inda Harami yake, ka leƙa taga ka hango hasumiyar agogo. Abu Faisal ya fito da waya, kibiyar ta yi ta lilo kafin ta tsaya tana nuna bangon da murhu yake. Na kabbarta ina kallon itacen wuta, gida yana can bayan duwatsu da teku, sai na ji hawaye. Ban taɓa sanin haka sauran Musulmin duniya ke ji ba.

Abinci kuwa, sun kawo wani burodi mai siffar kwalekwale, cike da cuku da ƙwai a tsakiya. Ya fi tamis ɗinmu maiƙo nesa ba kusa ba, amma ba yaji ko ɗigo. Allah ya sa na taho da nawa a jaka. Sai wasu ƙulle-ƙullen fulawa da aka dafa a ruwa, aka yi mana na dankali tun da ba mu san yankan namansu ba. Na cinye har da ƙullin saman. Eteri ta riƙe ciki tana dariya, ashe su ƙullin mariƙi ne, ajiye shi ake a gefen faranti. Na ce a wajenmu wannan ɓarnar abinci ce. Na ba ta yajina ta ɗanɗana, ta yi tari har ta fita waje, muka yi kunnen doki. Bayan cin abinci na hango Abu Faisal a kicin yana yi mata bayani da hannu, yana nuna tukunya. Da na tambaye shi ya ce ruwan zafi yake nema.

Washegari tun bayan asuba ya fice, ya ce zai duba injin. Ban yi mamaki ba, mutumin da ko a gidan biki in ya ga babur sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsa. Da rana ta fito na bi shi, na naɗe kaina cikin riguna har ba na iya sauke hannuwana.

Dabbabin ƙanƙara ba shi da taya. A gaba wasu dogayen takalma biyu ne da ke sulɓi, su ake juyawa da kan babur. A baya kuma wani faffaɗan bel ne na roba mai haƙora, shi ke tura shi. Wurin zama na mutum biyu, bayansa da babban akwati baƙi a ɗaure. Akwai wasu samari Larabawa a gefe suna jiran nasu, suna ɗaukar juna hoto.

Abu Faisal ya hau gaba. Na yi bismilla na hau baya. Ai kuwa sai na ji abin ya tafi ƙasa da ni, sululu, har ya buga wani ƙarfe. Hancin abin ya ɗaga, fitilar gaba ta koma kallon sama. Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Ya satir!" sauran suka juya baya kafaɗunsu na rawa.

Abu Faisal ya ce, "Mafi shai, ba komai, riƙe ni kawai."

Muka tashi. Duk ɗan tudun da muka taka sai bayan ya buga ƙwam, in ji shi har tsakiyar kaina. Da muka zo kwanar farko ya juya kan, abin ya ƙi juyawa, don takalman gaba da ƙyar suke taɓa ƙasa. Muka tafi miƙe muka shige tarin ƙanƙara har gwiwa. Ba wanda ya ji ciwo. Na sauko, na karkaɗe jikina, na yi irin dariyar da na yi a Shu'aiba.

Na ce, "Halas, ka tafi kai kaɗai. Zan jira ka wajen tsohuwa."

"Ya Ummu Faisal, wallahi ba..."

"Ba komai. Ai na saba."

Na faɗa da murmushi, amma a cikina kuka nake. Na haye teku da duwatsu, na sha sanyin da ban taɓa sha ba, ashe gadin shayi na zo yi a wata ƙasa. Abu Faisal ya dubi akwatin, ya dube ni.

Lebani ya iso a guje, suka jawo abin baya zuwa fili. Ya ɗaga min hannu ya ce, "Madam, shuwayya, shuwayya." Ya tsinko wani sanda a jikin shinge, ya zaro wuƙa. Abu Faisal ya yi min bayani a sanyaye cewa awo zai yi: a ɗaga bayan a sake shi ya zauna da kansa ba kowa a kai, a kafa sanda a yi alama daidai ƙarfen baya, sannan mahaya su hau a sake yin alama. Tazarar da ke tsakanin alamun biyu ita ke nuna ko sifirin ya yi laushi ko ya yi tauri.

Lebani ya kama ƙarfen baya zai ɗaga. Ƙaton mutumin nan ya yi nishi, fuskarsa ta ƙara ja, abin ko motsi. Ya sake shi ya ja da baya ya dube shi. Ba kowa a kai, ni ina tsaye can gefe, amma bayan yana nan a durƙushe. Ya kai hannu kan akwatin.

Abu Faisal ya yi wuf ya dafe murfin ya ce, "La, la, mafi mushkila!"

Lebani ya ce, "Fi mushkila," ya ɗage masa hannu kamar na yaro, ya buɗe.

Jama'a, ga abin da ya fito. Dardumarmu ta falo, jar nan mai kauri, a naɗe. Matasan jingina biyu. Dallar tagulla ta mahaifiyar Abu Faisal da kofunanta. Tukunyar ƙarfe ta Eteri cike da shinkafar kabsa an ɗaure murfin da tsumma. Tulun gas da kan murhu. Jarkar ruwa. Kwalin dabino. Har da turmin daka gahawa na ƙarfe, wanda ni a gida da hannu biyu nake ɗaga shi. Lebani yana fitarwa yana jerawa a kan ƙanƙara, samarin nan suka matso, yanzu dariyar ta koma kan wani. Ɗayansu ya ce, "Kashta, ya ammi? A nan?"

Abu Faisal ya sunkuyar da kai ya ce, "So nake in mun kai sama in shimfiɗa miki. Kullum ke ke zuba mana. Na ce yau ke za ki jingina, ni in zuba."

Na san ku mata za ku ce kai, wannan miji. Ni a lokacin ba haka na ji ba. Raina ne ya ɓaci, ɓaci na gaske.

Na ce, "Kana sane da abin da ke cikin akwatin nan, ka bar ni ina tsammanin ni ce?"

"Na ɗauka zai ɗauka. In na faɗa ai na ɓata..."

"Gara ka ɓata kashta da ka bar ni haka a gaban mutane, ya Abu Faisal. Kai da ka san Shu'aiba."

Ya ce, "Hakki ne, kina da gaskiya. Ki yafe min." Mutumin da muka tara 'ya'ya da shi, yana tsaye cikin ƙanƙara da turmi a hannu, hancinsa na yoyo. Na juya kai don kar ya ga na kusa dariya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, cire kayan bai gama maganar ba. Lebani ya fara fasa ƙanƙarar da ta daskare a cikin bel, don ita ma nauyi ce. Ya ɗaga bayan ya sake, ya yi alamar farko. Muka hau mu biyu ya yi ta biyu. Ya nuna mana sandan: tazarar ta kusa kamu guda. Ya jera yatsunsa huɗu ya ce haka ake so. Ya nuna wani ɗan siririn yaronsa mai raka baƙi, wato injin an saita shi ne don mutum ɗaya mara nauyi, kuma ko Larabawan nan biyu suka hau sai an taɓa shi.

Nan Abu Faisal ya farfaɗo, an zo fagensa. A kowane gefe akwai sifirin mai dogon hannu, hannun yana kwance kan wani ɗan dunƙulen roba mai fuska uku, gajeriya, matsakaiciya da doguwa. In ka juya shi da sifana zuwa doguwar fuska sai sifirin ya ƙara tauri. Yana kan gajeriyar. Abu Faisal ya karɓi sifana, don neman gyara laifinsa ya kai duka gefen biyu kan doguwar.

Lebani ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Madam, jarrib." Wato ni zan gwada in faɗa.

Muka zaga fili. Bayan bai buga ba, amma yanzu harbi yake kamar jaki, kowane tudu sai ya cilla ni sama, ga kan ya yi wa Abu Faisal nauyi yana juyawa da ƙyar. Na daki kafaɗarsa ya tsaya.

Na ce, "Ya yi tauri marra, ya wuce misali. Mayar da shi tsakiya."

Maza biyu suka durƙusa a ƙanƙara, kowa da gefensa, don dole su zama daidai, suna juya roba a kan maganata. Aka sake awo, Lebani ya yi sabuwar alama, ya ɗora yatsunsa huɗu suka cike tazarar cif. Muka sake zagawa. Wannan karon tudu ya zo ya wuce a ƙarƙashina a hankali, kwana ta zo muka juya da ita. Na ce, "Haka."

Kayan kashta aka ɗora wa Lebani a nasa, shi ma sai da ya juya robarsa. Turmin dai na ce a bar wa Eteri ajiya. Muka hau, iska na yanka min fuska, ina ihu ban san ina yi ba. A sama ba komai sai fari ko'ina da shiru. Abu Faisal ya shimfiɗa jar darduma, ya jera matasai, na jingina. Kabsar ta sandare, ruwan ya daɗe bai tafasa ba, shayin kuma ya cika sukari, don mutumin bai taɓa haɗawa ba. Na shanye na miƙa kofi ya ƙara.

Ranar dawowa Eteri ta miƙo min tafin hannunta, na zana mata lalle da ragowar wanda na taho da shi. Lebani ya tambayi abin da nake so na tsaraba, na ce sandan nan. Ya ɗauka wasa nake. A filin jirgi ma sai da aka jujjuya shi, aka ga alamun wuƙa uku, aka mayar min cikin jaka.

Da muka shigo Makka na hango hasumiyar agogo daga nesa, na ji zafin nan namu ya rungume ni, na ce alhamdu lillahi. Kowa ya samu zumarsa da safarsa. Yaya Rabi ta ga sanda a jingine a falo ta ce, "Wannan fa? Dogarawa kika fara?" Na ce za ta gani.

Juma'ar da ta wuce muka fita kashta Shu'aiba da dangi. Aka shimfiɗa darduma, aka ɗora shayi, aka sauke dabbab daga mota. Na tashi na ɗauko sandana, na ce wa Abu Faisal ya zo da sifana. A gaban kowa ya ɗaga bayan ya sake, ya yi alama, na hau, ya sake yi, ya ɗaure sifirin, ya rage iskar taya saboda yashi. Yaya Rabi ta buɗe baki za ta yi magana, na sauko na ɗauki dalla na sa mata a hannu.

Na ce, "Yaya, riƙe min wannan, kar ya huce. Zan daɗe."

Na hau ni kaɗai, na murɗa, na nufi bakin ruwa.